Mutumin da Ya Goya Ni Zuwa Yendi

Azumin bana ya faɗo tsakiyar bazara. Masu lissafi sun ce sai watan ya yi shekara talatin da uku yana zagaye kafin ya komo inda ya baro. Ni ban jira lissafinsu ba, ƙuguna ya riga ya sanar da ni. Yanzu a nan birnin Ankara na bakin teku ruwa na zuwa ta famfo, ana sayar da ƙanƙara a bakin titi kafin magariba, a wurin aiki kuma an ba ni kujera mai majingina. Wancan azumin na bazara da ya wuce, a kan hanyar Salaga zuwa Yendi ya same ni, ina da shekara ashirin da uku, da huhun goro a kaina.

Ni ɗan zangon Bawku ne. Kakana daga Katsina ya zo da jakuna, ubana ya gaji jakunan, suka ƙare a hannunsa, ni kuma na gaji hanyar kawai. Dako nake yi. A lokacin mota ta fara bin hanyar Kumasi zuwa Tamale, amma hanyar Yendi da Gushegu har Bawku ta kai ce da jaki.

Damina ta ɗauke da wuri a shekarar, dawa ba ta cika ido ba. Da muka isa Salaga mun tarar rijiyoyin garin, duk yawansu, sun koma ramuka. Mata na sauka ciki da ƙoƙo suna jiran ruwa ya tsattsafo, ƙudan zuma sun rufe bakin kowace rijiya. Abin da ake samu launin kunu ne, a tace da gefen zane a sha. Mun kwana huɗu muna ɗaurin kaya, watan azumi ya tsaya muna can.

Madugunmu, Ɗanjuma, ya tara mu ya ce, “Matafiyi ba azumi a kansa. Wanda zai sha ya sha, ya rama a gida. Ni gorona nake so ya isa, ladanku ba ruwana da shi.”

Manya suka ce sun ji. Mu samari huɗu muka ce za mu riƙe. Ba tsoron Allah ba ne ya sa ni, gara in faɗi gaskiya. So nake a ba da labari a zangon Bawku.

Ga yadda dakon yake. Ana ɗaure huhun goro a kan sanduna biyu dogaye da suke zarce goshin mutum. In ka gaji ba ka sauke kaya ƙasa. Sai ka nemi itace mai reshe biyu, ka jingina gindin kayan a tsakanin rassan, ka kafa sandunan a ƙasa, ka zame daga ƙarƙashi. Wannan shi ne loko. In ka huta ka koma ƙarƙashi ka miƙe, ba ka nemi taimakon kowa ba. Kayan da ya taɓa ƙasa kuwa mutum biyu ke aza shi a ka. Duk ɗan dako ya san wannan tun tafiyarsa ta fari.

Rana ta shida, saura rabin yini mu shiga Yendi. An ƙone ciyawar dajin, ƙasa baƙa ƙirin, zafi na tasowa ta tafin ƙafa kamar an taka murhu. Tun hantsi harshena ya manne da ganɗa. Na koma ƙarshen ayari. Na ga itacen kaɗanya a gaba, bai fi taki talatin ba, na san ban kai shi. Sai na durƙusa na tuntsurar da kayan ƙasa.

Da numfashina ya dawo, ayari ya yi nisa amma da na yi kira da an ji. Ban kira ba. Na ƙi a ce ɗan azumin nan ya zubar da kaya. Na tsuguna, na rungumi huhun, na ɗaga shi zuwa gwiwa, na yunƙura in kai shi ka. Na ji wani abu ya ce ƙas a ƙasan bayana, ƙara ƙarama, kamar an karya tsinke. Daga nan ƙafafuna suka daina jin maganata.

Wanda ya komo nemana Baba Awini ne. Bakusashe ne daga Binduri, ya musulunta a kan hanya, ya haura shekara hamsin, ƙato, wuyansa kamar turmi. Hausarsa ta zango ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa. Ya dube ni, ya dubi kayan, ya ce, “Kai, ɗan Hausa, wa ya koya maka wannan? Uwanka?”

Ɗanjuma ya iso. Huhun ya fara dubawa, ya shinshina ganyen, ya ga bai fashe ba, sannan ya juyo kaina.

“Akwai ƙauye a gaba kaɗan,” in ji shi. “A ja shi can.”

“Ƙauye nan ba shi da ruwa,” in ji Baba Awini. “Zai mutu.”

“To, ka haife shi ne?”

“Ni zan ɗauka shi.”

“Wanda ya ajiye gorona don ya ɗauki mutum, ba ya sake ɗaukar gorona.”

“Na ji.”

Aka raba kayanmu biyu a kan jakuna, Baba Awini ya goya ni kamar jariri, ya ɗaure ni da rawaninsa. Daga azahar zuwa faɗuwar rana yana tafe da ni. Sau uku ya sauke ni ya huta. A saukewa ta biyu ya juya mini baya ya ɗaga rigarsa, na ga abin da ba wanda ya sani a ayarin. Ƙaba ce gare shi a gefen mara, ta kai girman ƙwan jimina, ya danne ta da guntun fata mai faɗi ya ɗaure tam. Ya tura ta ciki da hannu, ya ƙara jan ɗaurin, gumi na zuba daga haɓarsa. Da ya juyo ya ga idona a buɗe.

“Ba ka ga komai ba,” ya ce.

“Ban gani ba, Baba.”

“Shekara bakwai ina tare da shi. Mun saba.”

A gidan Malam Hamidu aka ajiye ni, mai masaukin fatake a zangon Yendi. Kashegari ayari ya wuce ba ni ba Baba Awini. Aka shimfiɗa mini buzu a kusurwar zaure. Wanzami ya zo ya yi mini ƙaho, bai yi amfani ba. Ya dawo da ƙarfe, ya sa a wuta har ya yi ja, mutum uku suka danne ni ya yi mini sakiya uku a gadon baya. Har yau tabon na nan. Bayan kwana goma na iya jan gindi zuwa bayan gida. Tsayuwa kuwa sai na kama bango, in yi rabin miƙewa kamar mai ruku’u.

Ban ajiye azumin ba, domin ko na ajiye ba abin da ake dafawa da rana. Rayuwar gidan a kunnena na san ta. Da asuba mata su fita da tuluna zuwa busasshen rafi inda ake tonon yashi, ba su dawowa sai rana ta take. Da azahar gidan ya mutu, ko kaza ba ta motsi. Da la’asar a fara daka, kuma daga tsawon dakan nake gane yawan tuwon. Makon farko ana daka har rana ta yi ja. Mako na uku kafin in gama tasbihi taɓarya ta yi shiru. Doya ta ƙare tun kafin in zo. Kunun buɗa baki ya tsinke har kana ganin gindin ƙwarya, tsamiya ce kawai ke nuna ba ruwa ba ne.

Mai rabo ita ce Mma Azara, uwargidan Malam, Badagomba. Malam da baƙi masu kaya ake fara kai wa, sai mazan gida, sai mata da yara, sai ni. Ba ta taɓa zagina ba. Ludayinta ne ke magana. Malmala ta koma rabi, rabi ya koma ƙanzon tukunya da aka jiƙa da ruwan miyar kuka. Wata rana ta ajiye mini ƙwaryar ta ce, “Saana,” wato baƙo, “a Bawku ba ka da dangi ne?”

“Ina da su, Mma.”

“Ba su san hanyar Yendi ba?”

Baba Awini na kwana a rumfar kasuwa yana jiran ayarin da zai ɗauke shi. Kullum da la’asar sai ya leƙo. Ɗorawa ta nuna a lokacin, yakan shiga daji ya kaɗo, ya kawo mini garin a ganye, rawaya, mai zaƙi, mai shaƙe maƙogwaro. Ya zauna ya murza mini baya da man kaɗe da hannunsa mai kama da faifai.

“Mace nan ya ba ka abinci?”

“Ta ba ni.”

“Ƙarya. Haƙarƙarinka yana gaishe ni.”

Shi ma ya rame, rigarsa ta fara yi masa yawa. In na ce ya ci rabin ɗorawar sai ya ce ya ƙoshi a daji.

A ƙofar zauren nan ake ɗaukar ’yan dako. Fatake su zauna a tabarma, maza su jeru, a dubi ƙirji da wuya da damtse a zaɓa. Ni ina kwance, abin da ke daidai idona ƙafafu ne. Yini bayan yini ina kallonsu, ba ni da wani abin kallo. Na fara lura. Wannan yana tsaye a gefen ƙafa don faso ya ci masa dunduniya. Wancan in ya tsuguna sai ya dafa gwiwa kafin ya tashi. Wani yana tsayuwa ƙafa a ware, ya san abin da yake ɓoyewa. Mai zaɓe daga sama yake kallo, ba ya ganin ko ɗaya.

Wata safiya aka ɗauki wani saurayi Bamoshe, ƙaƙƙarfa. Na ce wa Malam Hamidu, “Malam, wancan ba zai kai Gushegu ba. Akwai ƙurji a idon sawunsa na hagu, kurkunu ne ke shirin fita.”

“Gurgu ya zama boka,” in ji Malam, aka yi dariya.

Kwana huɗu aka dawo da saurayin a kan jaki, tsutsar ta leƙo. Malam ya daɗe yana kallona.

Saura kwana biyar Salla ya zo ya tsaya a kaina bayan la’asar, da carbi a hannu. Mutum ne mai taushin murya.

“Ilyasu, mun yi maka abin da Musulunci ya ce, har mun ƙara. Rumbu ya kai ƙasa, ruwa bai sauko ba. Zaure na masu kaya ne. Bayan Salla da kwana uku zan sa a kai ka bakin kasuwa, akwai inuwa inda irinku ke zama. Mutanen Yendi na da tausayi.”

Na san inuwar. Baba Awini ya ba ni labarinta. A watan nan an ɗauke gawa biyu daga wurin.

Kashegari wani attajirin Bawku ya sauka a gidan, Alhaji Mumuni. Mutanen da ya ɗauko daga Salaga sun ƙi wuce Yendi, goronsa na bushewa, yana so ya sauka dutsen Gambaga kafin ruwan fari ya sa hanya santsi. Mutum goma yake nema. Kusan arba’in suka zo, domin mota ta kori masu dakon hanyar Tamale, duk sun gangaro nan. Tun hantsi suke tsaye a rana, yawancinsu da azumi, leɓuna sun yi fari.

Alhaji ya zaga ya ware goma sha biyar zuwa gefe. Baba Awini na cikinsu, shi aka fara nunawa. Ya hango ni ta ƙofar zaure ya ɗaga mini gira.

Malam Hamidu ya ce, “Alhaji, ina da wani abu a zaure. Ya ce yana ganin wanda zai faɗi a hanya.”

Aka jawo buzuna zuwa bakin ƙofa. Alhaji ya leƙo ni.

“Wannan? Ai ɗan Garba mai jakuna ne. Kai ne aka ce ka ɗaga kaya daga ƙasa kai kaɗai?”

“Ni ne, Alhaji.”

“Wanda bai san nasa bayan ba shi zai san na wani? To, bismilla.”

Na ce su yi tafiya zuwa gindin durumin ƙofar gidan su dawo, su tsuguna, su tashi. Na fitar da mai faso. Na fitar da mai dafa gwiwa. Na fitar da wani da ke tari yana haɗiyewa, da wani mai kumburin yatsa.

Alhaji ya yi hamma. “Waɗannan ko kakata ta gan su, da na sake dubawa da na cire su. Malam, ka ɓata mini lokaci da azumi a bakina. In yana da ido ya nuna mini abin da ni ban gani ba. In ba shi da shi a mayar da shi ciki.”

Saura goma sha ɗaya. Na bi ƙafafunsu ɗaya bayan ɗaya, sau biyu. Goma lafiyarsu lau, ba abin da zan kama. Na ji hannun wani baran Malam ya kama gefen buzu zai ja.

Na ce, “Babban nan na farko. A ɗaga rigarsa.”

Baba Awini bai motsa ba, bai kuma dube ni ba. Wani yaron Alhaji ya je ya yaye rigar har ƙirji. Ga fatar, ga ɗaurin, ga kumburin ya turo ta ƙarƙashi saboda ramar da ya yi ta sa ɗaurin ya saki.

Wani daga baya ya ce, “Ashe Baba kaya biyu yake ɗauka!” Aka fashe da dariya. Waɗanda na fitar su suka fi kowa dariya.

“La ila,” in ji Alhaji, ya matso yana kallo. “Wannan kam ban gani ba.”

Baba Awini ya sauke rigarsa a hankali, ya gyara ta. Sannan ya tako har bakin zaure ya tsaya a kaina. Muryarsa ba ta tashi ba.

“Ɗan Hausa. Wa ya kawo ka gari nan?”

“Kai ne, Baba.”

“Kai da goro, wa ya fi nauyi?”

“Ni.”

“Na yar da kai?”

“A’a.”

Ya juya ga Alhaji ya buɗe hannuwa. “Ka ji. Azahar har magariba. Da wannan abu a jikina.”

Na ga fuskar Alhaji ta sauya. Ya dubi wuyan mutumin, ya dubi kafaɗunsa, ya shafa gemu. Goma sha ɗaya ne, ɗaya zai fita ko ta yaya, kuma ya fara duban wani siririn saurayi a ƙarshen jere. In ya ɗauki Baba Awini, maganata ta zama iska, ni kuma sai inuwar kasuwa. Ya ce da ni, “Me ka ce?”

Na ce, “Gaskiya ya faɗa, Alhaji. Amma hanyar shimfiɗaɗɗiya ce, ba dutse. Kuma sau goma sha ɗaya ya sauke ni. Na ƙirga. A dutsen Gambaga ba inda zai yi loko, abin nan zai fashe, goronka ya gangara rami.”

Baba Awini ya buɗe baki. Na ga yana neman kalmar a Hausa, bai same ta ba. Ya faɗi wani abu da Kusasanci wanda ba wanda ya ji a wurin. Ya ɗaga yatsu uku ya nuna wa Alhaji, ya nuna wa Malam, ya nuna wa mutanen da ke tsaye. Ba wanda ya kula, an riga an fara kiran goman zuwa wurin kaya.

Alhaji ya ce wa Malam Hamidu, “Ka riƙe wannan gurgun. Duk sanda na zo shi zai zaɓa mini, zan kuma gaya wa sauran.” Ya sa aka auno mini dawa daga guzurinsa, aka ajiye kusa da buzuna, tawa ta kaina.

Sana’ar da na ci shekara tara a kanta ke nan, har mota ta shigo hanyar Yendi. Ba na ƙarƙashin kowa. Na samu tabarmata a gindin durumi, fatake na zuwa daga Gushegu da Nalerigu su same ni, ’yan dako na gaishe ni da ladabi suna ƙina. Ban sake yi wa kowa ƙarya ba, ban sake buƙata ba. Bayana ya miƙe kaɗan kaɗan har na yi tafiya da sanda.

Baba Awini bai sake samun kaya a Yendi ba. Zango ƙarami ne, kafin azahar kowa ya ji. Da ayarin Alhaji ya tashi da asuba ya bi bayansu hannu wofi, ya ce gida za shi. Ba shi da rabo a tukunyar ayari. Daga baya jagoransu ya gaya mini sun riƙa hangensa a baya har kwana biyu da wuce Gushegu. A rana ta uku ba su hange shi ba, kuma hadari ya haɗo, ba su tsaya ba. Na aika tambaya Binduri sau biyu ta bakin masu shanu. Aka ce ba a gan shi ba.

Ranar da aka yi zaɓen, da magariba, Mma Azara da kanta ta kawo mini abinci, kafin ma a kai wa mazan gida. Malmala biyu ce, miyar da daddawa, har da ɗan man kaɗe yana yawo a kai. Ta tsuguna ta ajiye, ta ce, “Ci, Ilyasu. Yau ka yi aiki.” Ranar ta fara kiran sunana.

Daga inda nake ina iya hangen gindin durumi. Baba Awini na zaune can shi kaɗai, ya jingina da itacen, ya miƙe ƙafafu. Taki ashirin ne tsakaninmu, da na yi kira da ya ji. Na jawo ƙwaryar gabana na juya wa ƙofa baya. Na cinye duka, na suɗe ƙwaryar.